Wa ke riƙe aiki bayan masu kawo shi sun tafi? Muhawara kan shugabannin ƙauye da raya karkara

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da na daɗe ina juyawa a raina, ina so mu tattauna shi. Duk lokacin da aka ɗauko maganar raya karkara, hankali kan tafi ga kasafin kuɗi da ministoci da ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje. Ba kasafai ake tuna mutumin da zai tara jama'a ranar gyaran hanya ba, ko matar da ke riƙe da littafin asusun famfo. Ni kuwa a ganina a hannun irin waɗannan ne aiki ke rayuwa ko ya mutu.

Ga abin da ya sa na kafe a kan haka. A 1970 gwamnatin Koriya ta Kudu, zamanin Park Chung-hee, ta fara shirin raya ƙauyuka da suke kira Saemaul Undong. Siminti ya yi wa ƙasar yawa a lokacin, sai aka raba wa ƙauyuka 33,267 buhu 335 kowanne, aka ce mutanen gari su zaɓi aikin da zai amfani kowa su yi da hannunsu. Da aka zagaya dubawa, ƙauyuka wajen 16,600 ne suka yi abin a zo a gani: sun faɗaɗa hanyar shiga gari, sun gina ƙananan gadoji, sun gyara rijiyoyi da wuraren wanki. Sauran rabin ba su tsinana abin kirki ba. Waɗanda suka yi ƙoƙari aka ƙara musu buhu 500 da tan ɗaya na rodi.

Gwamnati ɗaya ce ta bayar, kuma kowa abu ɗaya ya samu. To me ya raba su? Ita kanta gwamnatin ta gano cewa shugaban da ke cikin garin ne. Shi ya sa daga baya kowane ƙauye aka sa ya fitar da jagorori biyu, namiji da mace, ba albashi, ana kai su horo. Me kuke gani?

Nura A.:
Wa alaikumus salam. Malam, Allah Ya ƙara basira, amma ina da ja. Labarin Koriya ana yawan ba da shi rabi. Tun a 1950 suka yi gyaran dokar mallakar ƙasa, aka karɓe gonaki daga manyan masu ƙasa aka mallaka wa masu nomawa, aka ƙayyade kada gonar kowa ta wuce kusan hekta 3. Kafin siminti ya iso, ƙauyen ya riga ya zama na mutane masu ƙarfi kusan ɗaya. Idan aka faɗaɗa hanya, kowa ya san gonarsa ce za ta amfana. A ƙauyen da gida biyu ko uku ke riƙe da ƙasa da bashi da bakin magana da hukuma, in ka ce "mutanen gari su zaɓa", waɗannan gidajen ne za su zaɓa. Sannan kada mu manta mulkin Park na kama-karya ne, jami'ai suna matsa wa mutane lamba, har da tilasta sauya rufin ciyawa.

Tsorona ke nan da wannan yabon shugabannin ƙasa-ƙasa, wato jagororin da ke cikin jama'ar ƙauye. Kusancin mutum da jama'a ba shi ke sa ya yi adalci ba. Wani lokacin ma wanda ya san ka shi ya fi sanin inda zai danne ka.

Malam Habibu:
Nura, maganar rabon ƙasa gaskiya ce, kuma tana da nauyi. Amma lura da abu ɗaya: dokar ta shafi ƙauyukan duka, waɗanda suka yi aiki da waɗanda ba su yi ba. Matsin jami'ai ma haka. Don haka tambayata tana nan daram.

Baba Ilu:
'Ya'yana, ku bari tsoho ya sa baki. Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne abin da ya faru a Tanzaniya, don a can ne aka ga yadda gwamnati mai kyakkyawar niyya ke kashe shugabancin ƙauye da hannunta.

Julius Nyerere, shugaban ƙasar na lokacin, ba ɓarawo ba ne, kowa ya shaida. Yana son talakan karkara da gaske. A kudancin ƙasar, yankin Ruvuma, tun farkon shekarun 1960 wasu manoma suka kafa ƙauyen haɗin gwiwa a Litowa, wani matashi Ntimbanjayo Millinga yana jagorantarsu. Abin ya bunƙasa har ƙauyuka fiye da goma suka haɗu cikin ƙungiya ɗaya. Suna da makarantarsu, suna da injin niƙa da na yankan katako, kuma su ke yanke shawararsu a taron gari. Nyerere da kansa yana yaba musu. Amma a 1969 shugabannin jam'iyyar TANU mai mulki suka rushe ƙungiyar aka karɓe kayanta, saboda ba a ƙarƙashin ikonsu take ba.

Daga nan sai aka bi ta sama. A 1972 aka soke ƙananan hukumomin da jama'a ke zaɓa. A 1973 aka ce zama a ƙauyukan da gwamnati ta tsara ya zama dole, aka kwashe miliyoyin mutane cikin 'yan shekaru, wasu aka ajiye su bakin titi a ƙasar da ba ta noma, nesa da ruwa. Da an tambayi dattijon da ya shekara hamsin a wurin, da ya faɗa musu inda ruwa ke kwanciya da damina da inda fara ke sauka. A 1976 aka rushe ƙungiyoyin gama kai na manoma. Sai a 1982 aka dawo da dokar ƙananan hukumomi, bayan an ga ɓarnar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba digiri ke koyar da wannan ba.

Nura, ban ce shugaban ƙauye waliyyi ba ne. Na ce in ka cire shi, ba adalci kake sakawa a gurbinsa ba, jami'in da bai san sunan kowa ba kake sakawa.

Injiniya Sabo:
Baba, Allah Ya ƙara girma. Ni aikin ruwa nake yi, bari in kawo abin da idona ke gani.

Famfon tuƙa-tuƙa ba wani abin mamaki ba ne a ciki. Akwai sanduna da ke sauka cikin bututu, a ƙasa akwai wata 'yar roba da ke riƙe ruwa idan an tuƙa. Robar nan tana cinyewa, dole ne, ko da wa ya haƙa rijiyar. Alamar farko ita ce sai an yi ta tuƙi kafin ruwa ya fito da safe. Idan a lokacin aka canza ta, aikin 'yan sa'o'i ne. Idan aka bari, yara za su riƙa rataya a hannun famfon suna dukan sa da ƙarfi, sandar ta lanƙwashe ko ta tsinke ta faɗa ciki, gyara ya koma na ƙwararru da kayan aiki masu nauyi. Samfurin da ake kira Afridev an ƙera shi ne musamman a shekarun 1980 don mutanen gari su iya zaro sandunan su canza robar ba tare da jiran kowa ba. Duk da haka binciken da aka yi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ya nuna fiye da famfo ɗaya cikin biyar ba ya aiki a kowane lokaci.

Inda na tarar da famfo ya daɗe yana aiki, kusan koyaushe akan nuna mini littafi. Sau da yawa littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta, bangonsa ya yi laushi saboda hannu, an ja layi da biro: sunan gida, ranar da aka biya, abin da aka saya, sunan wanda ya gyara. A wani wuri wata dattijuwa ce ta ɗauko mini shi a nannaɗe cikin leda, tare da tsohuwar robar da aka cire, ta ce tana ajiye ta ne don duk mai shakkar an canza ya zo ya gani. Ba ta karatu sosai, jikarta ke rubuta mata. Ba ta da wata sarauta, amma ita ce shugabar ruwan garin.

Inda famfo ya mutu kuwa, in na tambayi kwamiti sai a fara kallon juna. An kafa shi ne ranar ƙaddamarwa don masu kawo aikin sun ce sai da kwamiti, an rubuta sunaye, ba su taɓa zama ba.

Hajiya Rakiya:
Injiniya, wannan dattijuwar ita ce maganar gaba ɗaya. Allah Ya saka mata da alheri.

Nura A.:
Amin. Amma Injiniya, littafin famfo abu ne da kowa zai iya fahimta. Idan kuɗi suka yi yawa fa? Akwai gwajin da wani masanin tattalin arziki, Benjamin Olken, ya yi a Indonesiya, aka wallafa a 2007. Ƙauyuka 608 ne a tsibirin Java, kowanne an ba shi kuɗin gina hanya, mutanen gari ke gudanar da aikin. Bayan an gama ya tura injiniyoyi suka haƙa hanyoyin suka auna yawan dutse da tsakuwa da yashin da aka zuba da gaske, suka kwatanta da abin da aka rubuta an kashe. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ba a ga inda ya shiga ba.

Ya gwada magani biyu. A wasu ƙauyukan an sanar tun farko cewa masu binciken kuɗi na gwamnati za su zo tabbas. A wasu kuma an raba takardun gayyata don jama'a su cika taron da ake ba da bayanin kuɗi. Binciken gwamnati ya rage ɓatan kuɗin da kusan kashi 8 cikin 100 na jimillar. Cika taro kuwa bai canza wani abin kirki ba a jimlace. To ina ƙarfin sa idon jama'a da ake ta faɗa?

Injiniya Sabo:
Nura, na san aikin nan, kuma akwai wani ɓangare nasa da ya kamata a faɗa. Cika taron ya ɗan rage satar kuɗin lebura, bai taɓa satar kayan aiki ba. Dalilin a fili yake. Mutum ya san kwana nawa ya yi yana fasa dutse, ya san abin da aka ba shi a hannu, in aka karanta wani abu daban zai miƙe. Amma wa zai iya kallon hanyar da aka gama ya ce kaurin tsakuwar da ke ƙasa bai kai ba? Ni kaina sai na haƙa. Jama'a na iya tsare abin da idonsu ke iya aunawa. Sauran sai an kawo musu wanda ya iya, kuma a karanta sakamakon a gabansu. A gwajin ma haka aka yi, ana karanta rahoton masu binciken a taron gari.

Hajiya Rakiya:
Ƙanina Nura, bari in ƙara maka da Indiya, don a can an haɗa biyun. A jihar Rajasthan wata ƙungiyar ma'aikata da manoma da ake kira MKSS, wadda Aruna Roy na cikin waɗanda suka kafa ta, ta fara wani abu tun 1994. Sukan nemo takardun aikin gwamnati na ƙauye, su tara jama'a a fili, a ɗauki lasifika a karanta sunayen waɗanda aka ce an biya kuɗin aiki ɗaya bayan ɗaya. Sai ka ji an kira sunan wanda ya rasu shekaru da suka wuce, ko an karanta kuɗin ginin da babu shi, mutane suna zaune a wurin da aka ce an yi ginin. Akwai shugabannin ƙauye da suka dawo da kuɗi saboda kunya. Wannan gwagwarmayar na cikin abin da ya haifar da dokar 'yancin samun bayanai ta ƙasar a 2005. Ka ga a nan waɗanda suka tsare shugaban ƙauye su ma shugabannin ƙasa-ƙasa ne, kawai ba su ke riƙe da kujera ba.

Amma ni abin da ya fi damuna a zancenmu shi ne wa ake nufi idan an ce "mutanen gari". A taron gari da yawa a duniya, waɗanda ke ɗibar ruwa ba su ke magana a kan ruwa ba. Indiya ta yi wa kundin tsarin mulkinta gyara na 73, ya fara aiki a watan Afrilun 1993. Ya wajabta zaɓen majalisun ƙauye duk shekara 5, ya kuma ware wa mata aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kujeru, har da kujerar shugaba. Da yake ba a bar wa 'yan siyasa zaɓen ƙauyukan da za a ware ba, masu bincike sun samu damar kwatantawa. Raghabendra Chattopadhyay da Esther Duflo sun duba gundumar Birbhum a Bengal ta Yamma da Udaipur a Rajasthan, suka wallafa a 2004. A wurare biyun, inda mace ke shugabanci an fi zuba kuɗi a ruwan sha, abin da mata suka fi kai kuka a kansa. Kuɗin ba su ƙaru ba, wanda ke zaune a kujerar ne ya canza.

Alhaji Musa:
Hajiya, da girmamawa, ni ban gamsu da wannan ba. A Indiyar ma sananne ne cewa wurare da dama matar suna kawai take da shi, mijin ke zama a ofis yana yanke hukunci, har suna gare su da suke kiran irin waɗannan mazan. Shugabanci ba a ɗora wa mutum shi da doka. Wanda jama'a ke jin maganarsa shi ne shugaba, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. In aka tilasta abin da gari bai shirya masa ba, sai a samu shugaba na takarda da shugaba na gaske, kuma na gasken ba wanda zai tuhume shi tunda ba sunansa a ko'ina.

Hajiya Rakiya:
Alhaji, abin da ka faɗa yana faruwa, ban musa ba. Amma da a ce duk mazan ne ke mulki a bayan labule, da ba a ga bambanci a inda kuɗin suka tafi ba, kuma an gani. Sannan an sake komawa Bengal ta Yamma bayan shekaru. A ƙauyukan da mace ta yi shugabanci zango biyu, burin iyaye a kan 'ya'yansu mata ya tashi, tazarar karatu tsakanin 'yan mata da samari ta rufe. An wallafa wannan a 2012. Zangon farko ana iya yi wa mace kallon baƙuwa. Zuwa na biyu, yarinyar da ta tashi tana ganin ta tana jagorantar taro ba ta ɗauki abin wani baƙon abu ba. Jihohi da yawa ma sun ɗaga kason zuwa rabi, Bihar ce ta fara a 2006.

Kuma Alhaji, ko Koriyar da Malam ya kawo, ai namiji da mace suka sa a kowane ƙauye.

Alhaji Musa:
Na ji, Hajiya. Maganar zango biyu ta shige ni. Amma ina nan a kan cewa a fara da shawo kan dattawan gari kafin a kawo doka.

Maman Khalifa:
Salamu alaikum. Ina ta karantawa tun ɗazu, ni ma'aikaciyar lafiya ce, ina so in taɓo abin da ba wanda ya taɓa: wa ke biyan waɗannan mutanen?

Babu shirin da ya nuna ƙarfin mutanen gari kamar yaƙi da makantar da baƙin ƙudan bakin kogi ke kawowa. Kamfanin Merck ya fara ba da maganin ivermectin kyauta a 1987. Matsalar ita ce yadda za a kai shi ga kowane mutum a ƙauyukan da mota ba ta zuwa, shekara bayan shekara, har fiye da shekara goma. Motocin ma'aikatan lafiya sun kasa. Shirin yaƙi da wannan cuta a Afirka da aka kafa a 1995 sai ya miƙa aikin ga al'umma: su za su zaɓi mai rabawa a cikinsu, su za su tsayar da lokaci, su za su ce gida-gida za a bi ko a wuri ɗaya za a taru. Ba a buƙatar sikeli. Sanda ce mai alamomi, mutum ya tsaya a jikinta, tsawonsa ya nuna ƙwaya nawa zai sha, a rubuta a rijista. Kafin a rufe shirin a 2015 ana kai maganin ga mutane fiye da miliyan 100 a shekara.

To amma da aka ga abin ya yi kyau, sai kowane shiri ya ɗora wa mutumin nan nasa kayan: gidan sauro, sinadarin bitamin A, maganin tsutsar ciki, ƙidayar yara. Shi kuma manomi ne, kuma sau da yawa aikin na faɗowa lokacin da gonarsa ke neman sa. Na ga masu rabon da suka ajiye rijista suka ce sun gaji, kuma ban ga laifinsu ba. Kowa a layin yana karɓar albashi, daga mai tsara shirin har direba, sai na ƙarshe, wanda ya fi kowa talauci, shi ake ce wa ya yi don Allah.

Malam Habibu:
Maman Khalifa, kin taɓo inda ke mini ciwo. Na yi aikin malamin gona, na san wannan gajiyar. Amma ina da fargaba. Ranar da aka fara biyan jagoran gari daga sama, fuskarsa kan juya ga mai biyansa. Kujerar kuma ta zama abin nema, sai masu hanya su ture masu amana. Na ga kwamitin da ke aiki lafiya ya watse a shekarar da aka fara ba da alawus ɗin zama, don waɗanda ba sa ciki suka ce tunda ana biyan ku, ku yi aikin ku kaɗai.

Maman Khalifa:
Malam, ina ganin aiki biyu muke haɗawa. Akwai jagoranci: tara mutane, sasanta rigima, yanke shawara. Wannan na yarda a bar shi a hannun wanda jama'a suka yarda da shi, ba sai an sa masa albashi ba. Akwai kuma aikin yini guda, na yawo gida-gida da rubutu da kai rahoto. Wannan aiki ne, a biya shi. Habasha ta gwada haka tun 2003: kowace ƙaramar gunduma mata biyu, yawanci 'yan yankin, a horar da su shekara guda, a sa su cikin albashin gwamnati. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a ƙa'idojin da ta fitar a 2018 ta ce a riƙa biyan ma'aikatan lafiya na cikin al'umma gwargwadon aikinsu. Sai kwamitin gari ya zama shi ke sa ido a kan ma'aikacin, ba shi ke ɗaukar kayan ba.

Malam Habibu:
Wannan rabewar ta yi mini. Allah Ya yi albarka.

Nura A.:
Har yanzu akwai abin da ke damuna. Ina jin tsoron kada yabon aikin gayya ya zama hanyar da gwamnatoci ke sauke nauyinsu. Mutumin birni ba a ce masa ya fito ya haƙa kwalbatin unguwarsu kafin a kawo masa wuta. Na ƙauye ne kullum ake ce wa ya taimaki kansa.

Baba Ilu:
Nura, wannan magana taka ba ta da makusa. Babu shugaban ƙauyen da zai gina babbar gada ko ya biya likita. Abin da nake nema wa shugaban ƙasa-ƙasa daga gwamnati ba siminti kaɗai ba ne, iko ne da doka ta amince da shi.

Dubi Nijar. Shekaru da dama dokar gandun daji ta sa itace na hukuma ne, ko da a gonarka ya tsiro. Manomi na iya shan tara don ya sare reshen da ke gonarsa, to me zai sa ya rena itacen? Sai ya tumɓuke tohon tun yana ƙarami. A 1983 wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa 'yan ƙananan kurmin da ake sharewa kafin shuka toho ne na kututturan da saiwarsu ke raye a ƙasa. In aka zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi aka rage sauran, cikin 'yan shekaru sai itace ya tashi. Ba dashe, ba ban ruwa.

Dabarar mai sauƙi ce, amma ba ta isa ba. Wanda ya reni itace shekara uku, wani ya zo da dare ya sare, ba zai sake ba. Abin da ya riƙe aikin shi ne ƙauyuka irin su Ɗan Saga da suka kafa kwamitocin tsaro, da mata da makiyaya a ciki, suka sa ƙa'idar sara da tara ga wanda ya karya. Ita kuma hukuma ta sassauta, dokokin mallakar ƙasa da na gandun daji suka fara amincewa da haƙƙin manomi a kan itacen gonarsa. An ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200. Da ma'aikacin gandun daji ya ci gaba da cewa tarar kwamitin ba ta da tushe, da ɓarawon itace ya raina su tun ranar farko.

Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, abin da ta tarar ke nan a wurare da yawa, har da magudanan noman rani na Nepal, inda waɗanda manoma ke gudanarwa suka fi na hukuma kai ruwa ga gonakin da ke can ƙarshen layi. A inda irin wannan tsari ya ɗore, masu gadi daga cikin masu amfani da abin suke, hukunci yana farawa da sauƙi ya ƙaru in an maimaita, gwamnati kuma ba ta rushe dokar da suka yi wa kansu.

Nura A.:
Na gode Baba. Tambaya ta ƙarshe ga Injiniya, tunda shi ke ganin kwamitoci da ido. Idan ka shiga gari, shugaban gado, wato wanda ya gaji sarautar garin, ka fi so ya riƙe aikin, ko wanda aka zaɓa?

Injiniya Sabo:
Ba na zaɓar ɗaya in bar ɗaya, don aikinsu ba ɗaya ba ne. Shugaban gado shi ke ba da filin da za a haƙa, shi ke kiran taro mutane su fito, kuma idan gida ya ƙi biya ko rigima ta tashi a bakin famfo, gabansa ake zuwa. Saboda haka ba na so kuɗi ya kwana a hannunsa. In ya riƙe asusu kuma aka ga giɓi, ba wanda zai iya tambayarsa, kuma ba sauran wurin kai ƙara.

Abin da nake roƙon gari shi ne su zaɓi kwamitin a taro, ba a ofishina ba, rabinsu mata. Mai karɓar kuɗi daban, mai rubutawa daban, kuma kada su fito gida ɗaya. A sa wa'adi, shekara biyu ko uku, don a iya sauke mutum ba tare da an kira shi ɓarawo ba. A tsayar da ranar da za a riƙa karanta littafin da ƙarfi a gaban kowa, shugaban gari yana zaune yana ji. Sannan kafin mu kwashe kayan aikinmu, mutum biyu daga garin su zaro sandunan famfon su mayar da hannunsu muna tsaye, a kuma nuna musu inda za su samu robar da lambar wayar makanikin yankin. Idan garin ba su yarda da ranar karanta littafi ba, nakan gaya wa masu ba da kuɗin su dakata da haƙa tukuna, mu sake zama da mutanen.